Daga Fagen Daga Zuwa Ɗakin Uwa: Yadda Duniya Ta Koyi Sauraron Wanda Ya Firgita

Duk wanda ya taɓa zaman layi a asibiti a ƙasar Hausa ya san irin wannan koken. Mace za ta zauna gaban likita ta ce ƙirjinta na zafi, kanta ya yi mata nauyi, gabanta na yawan faɗuwa, barci kuma ya ƙaurace mata. A ɗebi jini a duba zazzaɓin cizon sauro da taifot, a auna hawan jini, a ce ba a ga komai ba. Ta koma gida da ƙwayoyi a leda, bayan 'yan makonni ta dawo da koken nan dai. Sau da yawa ba wanda ya tambaye ta abin da ya same ta kafin ciwon ya soma, ko da kuwa amsar ita ce a gabanta aka harbe mijinta, ko ta kwana a daji da goyo tana gudun 'yan bindiga.

Yau littattafai sun yi yawa a kan irin wannan hali: yadda firgici ke zama a jiki, yadda abin da yaro ya gani ke binsa har girma, da yadda ake warkewa. Ilimin da ke cikinsu bai zo da sauƙi ba. An same shi, an yar, an sake tsinta, ba sau ɗaya ba. In aka bi tarihinsa daki-daki, za a ga kusan duk ci gaban da aka samu ya faro ne daga ranar da wani ya daure ya zauna ya saurari mutumin da kowa ke ƙaryatawa.

Malamin Balkh da likitocin Turai

Tun kafin Turai ta shiga maganar, wani malami mutumin Balkh, a Afganistan ta yau, ya yi rubutu a kai. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya kasa littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus gida biyu: kula da jiki da kula da rai. Ya yi ƙorafin cewa likitocin zamaninsa sun tattara hankalinsu a kan jiki, alhali su biyun a sarƙe suke. In ɗaya ya kwanta, ɗayan ba ya tsayawa daidai. Ya yi bayanin tsoro, fushi, baƙin ciki da wasuwasi. Ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar mutuwa ko asarar dukiya, da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, wanda ya ce tushensa a jiki yake. Ya kuma shawarci mai damuwa ya nemi wanda ya amince da shi su yi magana, domin mutum ya fi karɓar nasiha daga bakin wani fiye da daga kansa. Sai a 2013 masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, Malik Badri, ya fitar da fassarar sashen kula da rai da Turanci.

A Ingila jirgin ƙasa ne ya tayar da zancen. Mutane kan fito daga tarkacen hatsari ba ko ƙwarzane, bayan kwanaki sai rawar jiki da rashin barci da mantuwa. A 1866 likitan fiɗa John Erichsen ya ɗora abin a kan jijjigar laka. Kamfanonin jirgi kuwa, da yake diyya ce ke jiransu, suka ce masu neman kuɗin banza ne. A 1896 Sigmund Freud ya tsaya gaban likitocin birnin Biyena ya ce marasa lafiya 18 da ya saurara duk an ci zarafinsu suna yara. Abokan aikinsa suka juya masa baya. Kafin 1897 ta ƙare shi da kansa ya janye, ya koma yana ganin yawancin labaran saƙar zuci ce. Da wannan janyewar aka binne maganar cin zarafin yara na shekaru masu yawa.

Sojan da bakinsa ya rufe

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tono maganar firgici ta wata fuskar. Samari majiya ƙarfi suka riƙa dawowa daga ramukan daga na Faransa da Beljiyam, wani ya kurumce, wani bakinsa ya rufe, wani ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa, kuma ba rauni a jiki. A Fabrairun 1915 likita Charles Myers ya rubuta a mujallar Lancet yana zaton girgizar fashewar bam ce ta taɓa su. Ba a jima ba aka ga har waɗanda bam bai fashe kusa da su ba suna kamuwa. Rundunar Birtaniya ta samu irin waɗannan marasa lafiya kusan 80,000. Manyan hafsoshi da yawa sun ɗauki abin ragwanci ne. An harbe sojoji 306 bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen fama, kuma ana kyautata zaton wasu daga cikinsu ciwon ne ya kai su. Sai a 2006 aka yi musu afuwa.

Likitoci biyu sun nuna hanyoyi biyu da har gobe ake bi. Lewis Yealland a Landan yakan kulle ƙofa, ya jona wa sojan da ya kasa magana lantarki a maƙogwaro, ya ce ba fita sai ya buɗe baki. William Rivers kuwa, a asibitin Craiglockhart da ke kusa da Edinbara, zama yake yi da majinyatansa yana jin abin da idonsu ya gani. Ya lura shawarar da kowa ke ba su, wato su manta, su kawar da tunanin, ita ce ke ƙara musu mugayen mafarkai. Wanda ya samu ya furta abin a hankali da rana, sai dare ya fara yi masa sauƙi. Yaƙi na ƙarewa, hankalin duniya ya koma wani wuri.

Tun kafin yaƙin ya ƙare Walter Cannon na Jami'ar Harvard yana binciken abin da tsoro ke yi wa jiki. Ya ga kyanwa na tsorata, cikinta sai ya daina aikin narkar da abinci. A littafinsa na 1915 ya bayyana yadda jiki ke sakin sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, jini ya bar ciki ya koma damatsa da cinyoyi, don a yi faɗa ko a gudu. Shiri ne na 'yan mintoci, kuma shi ke ceton rai. A 1941 Abram Kardiner, wanda ya daɗe yana duba tsofaffin sojojin Amurka, ya nuna cewa a wajen waɗannan mutane shirin bai taɓa sauka ba. Ƙofa ta buga, mutum ya zabura ya jiƙe da gumi, shekaru bayan an ajiye bindiga. Jikinsu ya zama kamar mai gadin da ba a gaya masa gari ya waye ba.

Abin da aka koya daga iyaye matan Yuganda

Yaƙin Duniya na Biyu ya juya ido zuwa ga yara. Anna Freud da Dorothy Burlingham, masu kula da gidajen renon yaran yaƙi a Landan, sun ga ƙananan yara sun fi jure ruwan bama-bamai in suna tare da uwar da hankalinta ke kwance, fiye da jure rabuwa da ita zuwa wurin da ba bam. A 1951 John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan yaran da suka rasa gida, ya ce shaƙuwa da mai reno tsayayye buƙata ce ta lafiya, daidai da abinci.

Hujja mafi kyau daga Afirka ta fito. A 1954 Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki da Bowlby, ta bi mijinta zuwa Kampala. Ta ji labarin cewa Baganda, mutanen yankin, na kai yaro gidan kakarsa in za a yaye shi don ya manta nono, al'adar da mu ma muka sani, sai ta so ta ga abin da rabuwar ke yi wa yaro. Ta tarar yawancin gidaje sun bar al'adar, sai ta koma kallon zaman uwa da jariri na yau da kullum. Iyalai 26 a ƙauyukan kewayen Kampala take ziyarta duk mako biyu, ita da mai yi mata tafinta, tana kallo tana rubutu. Abin da ta gani kowace uwa ta san shi. Yaro mai rarrafe ya sauka daga cinyar uwarsa ya nufi abin da ya ja hankalinsa, ya tsaya, ya waiwayo, ya ga tana nan, ya ci gaba. Baƙo ya shigo, ya rarrafo da sauri ya maƙale mata, ya huce, ya sake fita. Yaran da uwayensu suka fi laƙantar kukansu da motsinsu su ne suka fi ƙarancin rigima, suka fi ƙarfin halin yin nesa. Wannan ya saɓa wa abin da aka daɗe ana koya wa iyaye a Turai da Amurka, cewa yawan ɗaukar jariri sangarta shi ne.

An soki Bowlby da ɗora wa uwa kaya ita kaɗai, kuma sukar na da tushe. A 1972 Michael Rutter ya nuna yaro na iya shaƙuwa da mutane da dama, abin da ke cutar da shi shi ne rashin kowa tsayayye, ko zama cikin rikici. Babban gida mai kaka da goggo da yaya, in akwai zaman lafiya a cikinsa, garkuwa ce ga yaro.

Ciwo ya samu suna

Sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam ba su jira likitoci ba. Daga 1970 suka fara haɗuwa suna ba juna labari, likitoci irin su Robert Lifton da Chaim Shatan suka zauna cikinsu. A 1974 ma'aikaciyar jinya Ann Burgess da abokiyar aikinta Lynda Holmstrom suka wallafa abin da suka ji daga mata 92 da aka yi wa fyaɗe a Boston: mafarkai, zabura, tsoron wurin da abin ya faru, irin na sojoji sak. Matsin lambar sojojin da masu binciken nan ya sa a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ciwon cikin kundinta da sunan PTSD. A 1992 Judith Herman ta haɗa zaren wuri ɗaya, ta nuna sojan da ke fagen daga da matar da ake duka a ɗaka ciwo ɗaya ke damunsu. Ta jera matakan warkewa uku: mutum ya fara samun tsaro, sannan ya ba da labarinsa ya yi makokin abin da ya rasa, sannan ya koma cikin mutane. Jerin nan na da muhimmanci. Ba a tono miki alhali mai dukan yana bakin ƙofa.

Yadda firgicin babba ke sauka a kan yaro ma an gan shi tun da wuri. Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa a Aljeriya lokacin yaƙin neman 'yanci, ya ba da labari a 1961 na wani sufeton 'yan sanda Bature da aikinsa azabtar da fursunoni, wanda ya zo neman magani don ya koma yana jibgar matarsa da 'ya'yansa. A 1975 Selma Fraiberg, wadda ke bin uwaye har gida a Amurka, ta bayyana wata matashiyar uwa da jaririyarta ke tsala kuka a gabanta ita kuwa kamar ba ta ji. Sai da aka saurari labarin yadda ita kanta aka yi watsi da ita tana ƙarama, ta yi kukanta, sannan ta fara ɗaukar 'yarta. Fraiberg ta lura iyayen da ke tuna zafin abin da aka yi musu sun fi kauce wa maimaita shi, fiye da masu tuna labarin amma sun kashe zafin. Gadon ba dole ba ne: nazarin Joan Kaufman da Edward Zigler na 1987 ya ƙiyasta kusan kashi 30 cikin ɗari ne na waɗanda aka zalunta suna yara ke zaluntar nasu 'ya'yan.

Asibitin rage ƙiba

Binciken da ya fi kowanne haɗa ƙuruciya da lafiyar jiki daga asibitin rage ƙiba ya fito. A shekarun 1980 likita Vincent Felitti a San Diego ya rasa gane dalilin da ya sa fiye da rabin majinyatansa ke daina zuwa, da yawansu ma a daidai lokacin da ƙibar ke sauka. Maimakon ya kira su marasa himma, sai ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar da yawa an yi lalata da su suna yara, ƙibar kuma ta zame musu mafaka daga idon mutane.

Shi da Robert Anda na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka tambayi mutum fiye da 17,000 tsakanin 1995 da 1997 a kan abin da suka gani a gida kafin su kai shekara 18: duka, zagi da wulaƙanci, lalata, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi ko mai taɓin hankali, da makamantansu. Yawancin mutanen nan masu ilimi ne, masu aiki da inshorar lafiya. Duk da haka kusan biyu cikin uku sun fuskanci aƙalla ɗaya, kuma ɗaya cikin takwas ya fuskanci huɗu ko fiye. Sakamakon farko da aka wallafa a 1998 ya nuna masu huɗu ko fiye sun ninka waɗanda ba su fuskanci ko ɗaya ba kusan sau 2 a ciwon zuciya, sau 7 a shaye-shayen giya, sau 12 a yunƙurin kashe kai. Hanyar biyu ce: jikin da ya tashi cikin zaman ɗar-ɗar yana gajiya da wuri, kuma taba da giya da ƙwaya, waɗanda ake kallo a matsayin lalacewa, sau da yawa maganin da mutum ya samo wa kansa ne.

Alƙaluman nan na taron jama'a ne, ba ƙaddarar mutum ɗaya ba. Anda da kansa ya yi wannan gargaɗin a 2020. Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai har suka kai shekara 40. Cikin waɗanda suka taso a talauci da rikicin gida, kusan ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau. Abin da ya yawaita a labarinsu shi ne wani babba guda da ya riƙe su da gaske, ko kaka, ko yaya, ko malami, ko maƙwabci.

Zamanin littattafan kasuwa

A 2014 Bessel van der Kolk, wanda ya fara da tsofaffin sojojin Biyetnam a Boston, ya fitar da The Body Keeps the Score. Lokacin kullen korona littafin ya yi kasuwar da ba a saba gani ba, an sayar da miliyoyi. Gabor Maté da Bruce Perry da Nadine Burke Harris su ma sun samu masu karatu da yawa. Alherinsu a fili yake: mutane da dama a nan suka fara gane cewa zaburarsu da saurin fushinsu ba mugun hali ba ne. Amma mai karatu ya riƙe hankalinsa. Masana sun soki wasu da'awowin da suka wuce hujja, kuma ba kowane ɓacin rai ne ciwo ba. Binciken George Bonanno ya nuna yawancin mutanen da bala'i ya afka wa suna miƙewa da taimakon na kusa da su. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2013, ta goyi bayan maganin tattaunawa mai fuskantar abin da ya faru a hannun wanda aka horar, ta kuma hana ba wanda bala'i ya afka wa ƙwayoyi irin su diazepam a watan farko don barci ko kwantar da hankali. Wannan gargaɗin ya shafe mu kai tsaye, mu da kemis ke kowane lungu.

Afirka ta daɗe da nata gwajin. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke majinyatan asibitin Aro na Abeokuta a gidajen ƙauyukan kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, maimakon a kulle su. A 2006 Dixon Chibanda a Harare ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci su saurari masu fama da yawan tunani. Gwajin da aka wallafa a 2016 a kan mutum 573 ya nuna bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari ne na waɗanda suka zauna a bencin ke da sauran alamun ciwon damuwa, cikin waɗanda ba su zauna ba kuwa kusan rabi.

Namu kason

Tun 2009 rikicin Boko Haram ya raba fiye da mutum miliyan biyu da gidajensu, har ya tsallaka Diffa. Zamfara da Katsina da Sakkwato na fama da nasu. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Maiduguri da Kaduna da Kware da Dawanau, amma likitocin fannin ba za su taɓa isar masu buƙata ba. Don haka darasin Lambo da Chibanda shi ne namu.

Muna da abin riƙewa: goyo, zaman jego a hannun uwa ko kaka, zaman makoki, da karin maganar nan cewa ɗa na kowa ne. Bincike ya tabbatar da darajar irin wannan kusanci, bai kamata mu saki ba. Muna kuma da abin gyarawa. Kalmar "a yi haƙuri" takan zama murfi da ake rufe bakin yarinyar da aka ci zarafinta don gudun abin kunya. Ana ce wa yaro namiji ba ya kuka. Ana fakewa da tanƙwara icce tun yana ɗanye a yi dukan huce haushi. Ana ce wa mai firgita imaninsa ne ya yi rauni, alhali kowane ɗan makarantar allo ya san ƙissar Annabi Yaƙub, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya taɓa har ganinsa. Addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne.

Abin da ya rage shi ne ilimin nan ya fito daga littattafan Turanci ya shiga Hausa, ya shiga rediyo, ya shiga horon ungozoma da malaman Islamiyya da ma'aikatan ƙananan asibitoci, su iya tambayar mutum abin da ya same shi, su iya jin amsar ba tare da yanke hukunci ba, su kuma san lokacin da za su tura shi gaba. Lokaci ba ya jiranmu. Yaran da suka gudo da ƙafarsu daga Gwoza da Bama a 2014, da yawansu yau iyaye ne. Fiye da shekara ɗari na bincike sun nuna cewa kula da waɗannan iyaye yanzu ita ce hanya mafi kusa, kuma mafi araha, ta hana yaƙin ya isa ga 'ya'yan da ba su taɓa jin ƙarar harbi ba.